Da Shanun Azawak a Sama, Yamai Zuwa Jidda

Jiya da yamma, nan fadarku ta bakin tasha, na ji ɗayanku ya latsa salula ya ce daga Yamai zuwa Jidda tafiyar awa biyar ce da ɗoriya, wai ko barci mutum bai gama ba an sauka. Wani ya ce ai Baba Haruna ya ci banza, ya ƙare ƙuruciyarsa zaune cikin jirgi ana yawo da shi. Na yi dariya na wuce, don magariba ta kawo jiki. To yau ga ni. Ku zuba mini shayi, ku matso.

Salula ba ta yi ƙarya ba. Sai dai nisan da ta faɗa muku na mai kujera ne, wanda ake kawo wa abinci a faranti. Ni aikina rakiyar dabbobi ne cikin jirgin kaya, kuma a wanga aiki nisa shi ne tsawon lokacin da dabba za ta iya tsayuwa kan ƙafafunta cikin ƙara da zafi ba ta faɗi ba.

Ni ɗan Tabla ne, gidanmu manoman gero. Da na tasa sai na riƙa zuwa kasuwar dabbobi ta Filinge ina loda raguna a kamyo, babbar motar kaya, in hau bisa in raka su Yamai. Wata shekara, gab da babbar salla, wani ɗan kasuwa mai suna Alhaji Ilu, wanda ke zaune Libarbil can ƙasar Gabon, ya sayi raguna masu yawa, anka ce in kai su har filin jirgi. Ina cikin sauke su sai na lura da wani dattijo, Buzu, ya naɗe fuska da rawani, ya jingina da tayar kamyo yana kallona. Sai da na sauke na ƙarshe ya yafuto ni.

"Yaro, wa yak koya maka ɗaukar rago ta ƙirji?"

"Babu kowa, Baba. Na ga in an ja su ta ƙaho suna turjewa."

"Kana tsoron sama?"

"Ban taɓa zuwa ba, balle in sani."

"To je ka ɗauki hoto a yi maka fasfo."

Shi ne Baba Algabit, mutumin Bonkuku, wanda a lokacin duk dabbar da za ta tashi daga Yamai hannunsa take bi. Na zaci da fasfo ya fito zan hau. Ashe da sauran aiki. Jirage sunka yi ta tashi ina ƙasa ina kallonsu. Ya sa ni shimfiɗa leda mai kauri a cikin jirgi, in bi kowace kusurwa da hannu, don fitsarin dabba in ya sami hanya yana cin ƙarfe. Bisa ledar in zuba garin katako. Sannan in kafa shingaye in ɗaure su ga zobban da ke ƙasa, ya zo ya jijjiga kowane da ƙarfinsa. Wanda ya motsa, in kwance in sake. Ya koya mini raba raguna gida-gida, don ragon da bai san ɗan'uwansa ba, da an rufe ƙofa karo zai fara. Ya koya mini yawan da shinge ke ɗauka: in sun matsu, numfashinsu zai dafa su, in sun yi sako-sako, jirgi na karkata su zube kan juna. Yakan tura hannu tsakanin rago da rago. Hannu ya shiga da ɗan ƙyar, to ya yi.

Tashina na farko zuwa Libarbil ne. Tsohon jirgi ne mai faɗin ciki, ƙofarsa ta baya tana saukowa ta zama gada. Anka rufe ta, injuna sunka ɗauki ruri har haƙorana na haɗuwa. Da ya sheƙa da gudu ya ɗaga hanci, ragunan nan gaba ɗaya sunka jingina baya kamar gero in iska ta bi ta kansa. Baba yana ɗaure a kujerarsa, amma bakinsa bai tsaya ba, yana yi musu irin kiran nan na makiyaya, ƙasa-ƙasa. Ba na jin ko sun ji shi cikin wagga ƙara, amma ni na ji, kuma ni ma ya yi mini amfani. Da jirgi ya daidaita ya ce in leƙa ƴar taga. Ga kogin Kwara can ƙasa kamar igiyar da anka yar cikin yashi. Gaba kaɗan gajimare ya koma ƙarƙashinmu. Ni da na saba ɗaga kai in duba hadari, ranar sai da na sunkuya. Da munka kusa sauka kuwa, kore ne ko'ina, itace kan itace, babu fili ko na shanya gero. Ƙofa na buɗewa iska ta shigo kamar tururin tukunya. Baba ya ce, "Ka ga wagga iska? Ita ce abokiyar gabarka. Hito da su maza."

Nan na gane abu na farko a sana'ar. Dabba ba ta cika mutuwa a sama ba, don a can akwai sanyi kuma injin na hura iska. Ƙasa ce ke kashewa, in jirgi ya tsaya da ƙofa rufe kuma an kashe injin. Shi ya sa muke loda su da asuba, kuma ba ma yarda a ɗora dabba sai matuƙi ya ce komi nasa ya shirya.

Kayan aikin ba su da yawa, jaka ɗaya ce ta fata. Akwai igiyoyi na kaba da na auduga, mai kauri don ɗauri, mai laushi don ƙafa. Akwai tocila, don muna rage fitilun ciki, dabba ta fi natsuwa a duhu-duhu. Akwai tsummoki na rufe ido, da sabulu, da ƙullin gishiri, da ƴar kanwa, da wuƙa mai kaifi wadda ake ba matuƙi ajiya, kuma kullum addu'ata kada a kai ga karɓo ta. Sai bido-bido, wato jarkokin ruwa, da damin harawa. Jirgi kuma yana ba ka kwalbar iskar shaƙa ka rataya duk sa'ad da za ka shiga cikin dabbobi. Amma babban kayan aiki hanci ne. Kafin ido ya ga dabba tana haki, hanci ya riga ya ji warin ya sauya, sai ka aika a ce wa matuƙi ya ƙara iska.

Masu kaya kuwa, kowa da halinsa. Alhaji Ilu mutumin kirki ne, amma kullum yana ganin akwai wurin ƙarin rago. Yakan zagaya shinge yana cewa, "Baba, dubi nan, ai biyu za su shiga." Baba ya ce, "Za su shiga, Alhaji. Hita ce ban yi maka alkawari ba." Wani kuma don ƙauna zai cika wa ragunansa ciki da dusa da safen tafiya, alhali dabba mai tafiya sama ruwa ake ba ta, a rage mata abinci tun jiya, in ba haka ba ciki ya kumbura. Akwai wanda ya kawo mana jiminu za a kai wani gidan namun daji. Ranar na ga abin dariya. Jimina in tana gani ba ta kamuwa, shurinta kuma yana karya ƙafar mutum. Baba ya aika kasuwa anka sayo safa, irin ta ƴan ƙwallo, munka huda bakin don numfashi, munka zura wa kowace a kai. Nan take sunka yi laƙwas. Haka munka tashi da su, dogayen wuyaye sanye da safa ja da shuɗiya suna lilo, ma'aikatan jirgi na fitowa ɗaya bayan ɗaya suna kallo suna riƙe ciki.

Da gwiwoyin Baba sunka gaza hawan gada, ya koma Bonkuku, aikin ya dawo hannuna. Na yi shekaru ina yi. Na sauka garuruwan da ban iya faɗin sunansu daidai ba, mafi yawansu ban ga komi ba sai filin jirgi da ofishin duwan, wato kwastan, amma na san warin iskar kowane.

Sai shekarar da annoba ta rufe sama. Na tara raguna a bayan Yamai, balami da uda, zaɓaɓɓu, mai su na jiran su can ƙetare, sai anka ce babu jirgin da zai tashi. Munka ce kwana kaɗan ne. Rani ya tsananta, harawa ta yi wuya, ragunan da na yi wa wanka da sabulu sunka fara nuna haƙarƙari. Na mayar da su Filinge a kamyo, ga shi makiyayar arewa wajen Abala ba ta shiguwa saboda rashin kwanciyar hankali. Mai su ya ce a sayar ko nawa ne. Na tsaya a kasuwar da na fara aiki ina kallon ana jan su ta ƙaho. Daga nan na koma Tabla na ɗauki hauya. Ma'aikatan da munka saba tashi tare kowa ya watse, wani ya koma tuƙin taksi, wani ban sake jin labarinsa ba.

Ina gona wata rana salula ta yi ƙara. Sumana ne, Bazabarme, shi ke kula da lodi da daidaita nauyi a cikin jirgi, mun daɗe tare.

"Fofo, Haruna. Kana da rai?"

"Ina nan, ina noma."

"Aje hauya. Wani Balarabe mai gona kusa da Jidda na son karsanan Azawak, masu ciki, don nono. Tafiyar ta fi duk wadda ka taɓa yi."

Ban ƙarasa kunyar da nake kai ba. Kun san shanun Azawak, jajayen nan masu ƙaramin ƙaho, masu jure ƙishi, ga nono. Na bi rugage na ƙasar Kurfai, can wajen Filinge, ɗaya bayan ɗaya ina zaɓe. Ba kyau kaɗai nake dubawa ba, har da hali, don saniya mai firgita ko ta fi kowa kyau ba ta hawa jirgina. Likitan dabbobi ya ɗebi jininsu, anka killace su a Yamai. Lokacin cikinsu bai tsufa ba. Amma bayan annoba jiragen kaya sun yi ƙaranci, namu ya yi ta ɗagawa, makonni sunka zama watanni. Ranar da ya iso, wata karsana mai farin goshi, wadda nake kira Goshi, hantsarta ta fara cika. Likita ya duba ta ya ce da saura. Ni ma na duba, na ga da saura. Cikin fari ne, ba ya nuna kansa sosai.

Munka loda bayan sallar asuba. Matuƙin wani Bature ne mai furfura, kowa na ce masa Komanda, Faransanci yake yi da Sumana, Sumana ya juya mini. Ya zo da kansa ya duba shanun, na roƙe shi ya hau sama a hankali, ya ɗaga babban yatsa.

Tafiya gabas wani abu ne daban. Rana na fitowa ta tare mu gaba da gaba, kuma tana sauri, kamar ita ma jirgi ta hau. Kafin in gama zagayen farko hantsi ya yi. Ƙasa kuwa ja ce, babu gari, babu hanya, sai duwatsu jefi-jefi. Sumana ya nuna mini allon taswira: ga Yamai can baya, ga tafkin Cadi mun bar shi dama, ga layinmu ya miƙe zuwa teku. Shanu na tsaye lafiya suna tuƙa. Na ce a raina wanga aiki ya yi sauƙi.

A zagaye na gaba, tun kafin in kai shingen tsakiya hancina ya gaya mini. Na haska tocila. Goshi ta ɗaga wutsiya, ta gantsare, garin katakon da ke ƙarƙashinta ya jiƙe sharkaf. Faya ta fashe. Ƙarar injin da jijjiga sun taso mata da naƙuda.

Ku fahimci abin da ke ciki. Saniya mai haihuwa kwanciya take so, kuma a shinge babu wurin kwanciya. In ta faɗi tsakanin ƴan'uwanta za su tattake ta. In sunka firgita da warin jini sunka yi gefe guda, shinge na iya ɓallewa, kuma nauyin shanu in ya gusa wuri ɗaya, jirgin kansa yana ji. Na yi wa Sumana alama da tocila ya taho da gudu.

"Haihuwa za ta yi. Ina son in hid da biyu daga shingen ga."

"Ka kai su ina? Kowace saniya an auna wurinta."

"Nan kan hanya, dab da shingen. Ba za su yi gaba ko baya ba."

Ya yi magana da Komanda ta abin kunnensa, ya saurara, ya ce an yarda, amma a ɗaure su ga zobban ƙasa, gajeren ɗauri. Munka rufe wa biyun ido da tsumma, munka jawo su da baya-baya, munka ɗaure. Goshi ta samu wuri, ta durƙusa, ta kwanta.

Na wanke hannu da sabulu har kafaɗa na duba. Ɗan maraƙi in zai fito daidai, ƙafafun gaba biyu ne ke fara zuwa, hanci na bisansu. Na taɓa hanci, na taɓa ƙafa ɗaya. Ɗayar babu, ta lanƙwashe baya. A haka ko ta yi yunƙuri har gobe ba zai fito ba.

Sumana ya durƙusa kusa da ni da allon taswira. "Komanda na tambaya. Mun kusa iyakar Cadi da Sudan. Njamena ta yi nisa a baya. Hartum na gaba, zai iya sauka can. In kuwa Jidda ce, da sauran fiye da awa biyu. Mi kake so?"

"In mun sauka Hartum, za su bari a hid da shanu?"

"Ba su da takardar shiga ƙasar. Cikin jirgi za su tsaya."

"Da tsakar rana, injin a kashe?"

Ni da shi duk mun san amsar. Don ceton ɗaya za mu dafa dukansu.

"Ce mashi mu wuce. Likitan da ke ƙasa ma hannu zai sa, ni ma ina da hannu. Abin da nika so, jirgi shi tsaya cik kamar tabarma, kuma a ƙara iska."

Sumana ya faɗa, ya saurara, sai na ga ya yi murmushi. "Ya ce akwai hadari a gabanmu, in ya ratsa za mu sha jijjiga. Zai kewaye shi. Hanya za ta ƙaru, amma yana da mai."

Sai na ji jirgi ya ɗan kwanta gefe, a hankali, kamar mai juya jariri. Ƙaton jirgin nan ya bar miƙaƙƙiyar hanyarsa saboda karsana ɗaya ta ƙasar Kurfai.

Na kwanta rubda ciki cikin garin katako. Dabarar ita ce ka mayar da ɗan ciki baya tukuna, ka samu wurin juya ƙafar. Amma uwa turowa take, kai kana mayarwa, kuma ƙarfinta ya fi naka nesa. Sai ka jira tsakanin yunƙuri da yunƙuri. In ta matsa, hannunka ya mutu har ka ji kamar ƙashi zai tsage. In ta saki, ka samu ɗan lokaci. Sumana ya riƙe mata kai, ya ɗora gwiwa a wuyanta, yana yi mata magana da Zabarmanci. Shanun da ke kewaye sunka fara kuka suna tura shinge, na ɗaga murya na yi musu kiran da na gada wurin Baba, fuskata manne da cinyar saniya. Na tura kan ya koma. Na bi wuya, na bi kafaɗa, na sami gwiwa. Ta matsa, na jira. Ta saki, na gangara na kama kofato, na rufe shi cikin tafina don kada ya yage ta, na lanƙwasa, na jawo. Ya kuɓuce. Na sake bi tun daga kafaɗa. A karo na gaba ƙafar ta miƙe ta zo kusa da ƴar'uwarta.

Na ɗaura igiya mai laushi a ƙafafun biyu, na ba Sumana ɗaya. Na ce kada ya ja sai ta yunƙura, kuma ƙasa-ƙasa za mu ja, wajen ƙafafunta. Ta yunƙura, munka ja. Hanci ya fito, kai ya fito, kafaɗu sunka tsaya, sannan gaba ɗaya ta sulluɓo kan cinyata, da zafinta da santsinta. Mace ce, ja kamar uwar.

Ba ta motsi. Na share mata hanci da baki da yatsa, na ɗaga ta ta ƙafafun baya ruwa ya zubo, na kwantar, na goge ƙirjin da tsumma da ƙarfi. Shiru. Na zaro tsinken harawa na soka mata a hanci. Sai ta yi atishawa, ta girgiza kunnuwa, ta buɗe baki ta yi wani ɗan siririn kuka wanda duk da rurin injuna huɗu sai da na ji shi. Sumana ya zauna daɓas cikin kashin shanu yana dariya, yana ta faɗa cikin abin magana.

Saura abu ɗaya. Karsana mai haihuwar fari, ga firgici, takan ƙi ɗanta. Goshi ta miƙe ta juya ta tsaya tana kallon abin nan kamar ba daga jikinta ya fito ba. Na kwance ƙullin gishiri na barbaɗa a bayan maraƙar, na ja baya. Ta sunsuna. Ta lasa sau ɗaya don gishirin. Daga nan ba ta daina ba.

Can sai ga Komanda da kansa, ya bar mataimakinsa a gaba. Ya tsuguna yana kallo, ya ce wani abu. Sumana ya ce, "Wai ya daɗe yana tuƙi, bai taɓa sauka da fasinjan da bai tashi da shi ba." Ya karɓi allon taswira ya ɗiga alama daidai inda muke sa'ad da ta faɗo, wani wuri cikin hamada, babu sunan gari ko ɗaya kusa.

Kafin mu kai teku maraƙar ta tashi kan ƙafafunta, tana tangaɗi, ta sami nono. Na leƙa taga na ga ruwan Maliya, shuɗi har da ɗaukar ido, da jiragen ruwa kamar ƙwayar shinkafa. Lokacin sauka na zauna ƙasa na ɗaure kaina ga shinge, na rungume ta. Komanda ya ajiye jirgin nan a hankali, ko saniya ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba. Agogona na cewa azahar, a can kuwa la'asar ta kusa.

Gada ta sauka, zafi ya shigo. Likitansu ya hau ya dudduba, ya ga maraƙa, ya dubi takarda, ya dubi Sumana, sannan ya yi dariya ya rubuta abin da zai rubuta. Bayansa wani baƙin mutum ne dogo, cikin farar jallabiya, shi ne makiyayin gonar da zai karɓi shanun. Ina ƙoƙarin haɗa ɗan Larabcin da na tsinta, sai ya ce, "Sannu da hanya. Kun sha tafiya."

Hausa ce, tsohuwa, irin wadda kakanninmu ke yi. Sunansa Usman. Munka gaisa kamar mun san juna. Ya ce a Sudan anka haife shi, aiki ya kawo shi nan.

Ya tambaye ni, "Yaushe kuka taso daga ƙasar Hausa?"

"Yau, bayan sallar asuba."

Ya dubi shanun. "Kakana da ƙafa ya taso, da matarsa da shanunsa, zai zo Makka. In damina ta same su su tsaya su yi noma, in sun girbe su ci gaba. Ya taso da baƙin gemu, ya ga teku da furfura. Ubana ma a hanya aka haife shi."

"A wane gari?"

"Ba gari. Cikin daji, bayan sun bar Wadai, ba su kai Darfur ba."

Sumana na tsaye yana ji. Ya miƙo allon taswira, ya nuna masa alamar da Komanda ya ɗiga, ya ce nan wagga maraƙa ta faɗo ɗazu. Usman ya karɓa, ya kawo kusa da ido, ya bi layin da yatsa daga Yamai har zuwa ɗigon.

"Uban nawa na nan da rai," in ji shi. "Yana gona tare da ni, idonsa ya yi rauni. Kullum in an tambaye shi garinsu sai ya ce shi ba shi da gari, ɗan hanya ne."

Na miƙa hannu zan ɗauki maraƙar in sauko da ita, ya ce in bari. Ya naɗe hannun farar jallabiyarsa, ya sunkuya, ya saɓa ta a wuya, da danshinta da gishirinta.

"Bari in kai masa ita da kaina," ya ce. "In ce masa ga ƴar garinsu ta zo."

Ya taka gada ya sauka. Goshi ta bi shi tana kuka, sauran shanun sunka bi ta a jere, ba wanda ya ɗaga sanda.